CIWON BAYA DA LADABIN ƊAUKAR NAUYI: DAGA BAKIN KANAL ZUWA GIDAN ƊAGA ƘARFE

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, ma'aikacin lafiya a sashen gashi da motsa gaɓoɓi, ya gabatar a taron shekara-shekara

 



Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan kiwon lafiya, na san wasu za su zaci hawan jini ko ciwon sukari zan ɗauko, tunda su ne cututtukan da mazauna birni suka fi jin tsoro. To amma na zaɓi ciwon baya, domin a shekarun da na yi ina aiki ban ga wata lalura da ta fi shi yawan kawo mini mutanen gida ba. Manomi ya zo da shi, ɗan dako ya zo da shi, mai turara shinkafa ta zo da shi, kuma a 'yan shekarun nan ga 'ya'yanmu na birni masu ɗaga ƙarfe su ma sun shiga layi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a faɗin duniya. A wurinmu hana aiki yana nufin gonar da ba a yi dashe a kan lokaci ba, da tumatirin da ya ruɓe a fangali saboda babu mai ɗiba.

Dattawan da ke nan sun fi ni sanin yadda ƙasar nan take kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da an kai amfanin damina gida, sai aikin gona ya lafa. Wasu su tafi cin rani, wasu su koma marina da saƙa, waɗanda suka sa sunan Kura ya kai har cikin Sahara. Da ruwan Tiga ya biyo kanal ya shigo Kadawa, ya bazu zuwa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, sai shekara ta zama ba ta da rani. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Wannan alheri ne da babu mai musunsa, da shi aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Amma bayan da a da yake samun hutun watanni yanzu ba ya samu, kuma kayan da yake ɗauka sun ƙaru: buhun taki kilo 50, buhun shanshera da ake cika shi har a yi masa hula, kwandon tumatir a Kwanar Gafan, injin ban ruwa da ake ciccibarsa daga babur zuwa bakin ruwa, da injin feshi mai lita 16 da ake goyawa tun hantsi.

YADDA BAYA YAKE AIKI

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Gaɓoɓi ne aka jera, wani kan wani, kuma guda biyar na ƙasa, wato na wajen kwankwaso, su ne mafiya girma domin su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani faifai mai tauri a gefe, mai laushi a tsakiya, wanda yake aiki kamar gammo. Ta cikin gaɓoɓin laka da jijiyoyi suke bi, su fito su sauka ƙafafu. Ta baya kuma akwai tsokoki da ke riƙe da ginin duka. Idan faifai zai bulla ya danne jijiya, galibi a hawa biyu na can ƙasa abin yake faruwa, shi ya sa mutum zai ce muku bayansa ne ke ciwo amma zafin har ɗan yatsan ƙafa yake jin sa.

Duk wanda ya taɓa ganin jigo a fadama zai gane sauran bayanin cikin sauƙi. Jigo yana da dogon hannu inda guga take, da gajeren hannu inda aka ɗaura curin ƙasa. Saboda gajarta, dole curin ya fi gugar nauyi nesa ba kusa ba kafin ya iya ɗaga ta. To haka bayan ɗan Adam yake. Kayan da ka riƙe a gabanka su ne guga a dogon hannu. Tsokar baya kuwa tana kan gajeren hannu, tazararta da ƙashi ba ta wuce santimita biyar ko shida ba. Jarka mai lita 25 da ka ɗauka tana manne da cikinka, da wadda ka miƙa hannu ka ɗauko daga tsakiyar bayan mota, nauyinsu ɗaya a sikeli, amma a wurin bayanka ba ɗaya ba ne. Idan tazara ta ninka sau uku, aikin da jarkar ta ɗora wa tsoka ya ninka sau uku.

An auna wannan a jikin mutum. A 1999 wasu masana a Jamus, ƙarƙashin Wilke, suka saka ma'auni a cikin faifan bayan wani lafiyayyen mutum da ya amince. Da ya ɗaga kilo 20 daga ƙasa ya sunkuya da baya a lanƙwashe, matsin ya haura ninki huɗu na wanda ake samu yana tsaye hannu sake. Da ya lanƙwasa gwiwa ya ɗaga, sai ya ragu zuwa ninki uku da 'yan kai. Da ya rungume kayan a jikinsa, ninki biyu kawai aka gani. Ku lura da kyau: lanƙwasa gwiwa ya taimaka, amma kusanto da kaya jiki ya fi taimakawa. Mutum ɗaya aka auna, saboda haka ba na ɗaukar alƙaluman tamkar nassi, sai dai sun dace da lissafin jigo.

Kilo 20 fa ke nan. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, a ƙa'idar da ta sabunta a 1991, ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar da yawancin lafiyayyun ma'aikata za su riƙa ɗagawa, shi ma idan komai ya daidaita. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar fiye da kilo 55 shi kaɗai. Yanzu kowa ya tuna buhun da ɗan dako ke saɓawa a bakin injin casa a Kura, sau nawa a yini, a kan wane katako yake hawa mota. Ba sai na ƙara komai ba.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya da mu ma'aikatan lafiya muka daɗe ba mu faɗa ba. Shekaru muna cewa "ka lanƙwasa gwiwa, kada ka lanƙwasa baya", kamar wannan kaɗai ya isa. Binciken da aka tattara daga baya ya nuna cewa koyar da salon ɗauka shi kaɗai ba ya rage yawan ciwon baya a wuraren aiki. Baya an halicce shi ne don ya lanƙwasu, ba kwalba ba ce. Iyayenmu mata sun shekara da shekaru suna sunkuye a kan tsintsiya da turmi. Abin da ke karya mutum shi ne nauyin da ya fi ƙarfin abin da jikinsa ya saba, da maimaitawa ba hutu, da murɗa ƙugu alhali kaya na hannu, da fizga, da ci gaba da aiki bayan gajiya ta kama. Salo yana da muhimmanci, kuma muhimmancinsa yana ƙaruwa ne daidai yadda nauyi yake ƙaruwa. Ga tsintsiya babu ruwanka da salo. Ga buhu, ko ƙarfe a kafaɗa, dole ne.

GA 'YAN BIRNI

Wannan ya kawo ni kanmu, mu da muka bar gida. Akwai wani ɗan'uwa, ba zan ambaci sunansa ba ko da yake na ga yana murmushi, ma'aikacin ofis, wata goma sha ɗaya yana kan kujera da sitiyari. Ya zo gida da kaka, ya tarar ana loda shinkafarsa, yara suna kallo, sai ya tuɓe babbar riga don ya nuna musu cewa shi ma a nan aka haife shi. Buhu ɗaya ya kama. Kwana tara ya yi yana salla a zaune. Buhun nan ɗan dakon da bai kai shi jiki ba ya ɗauki irinsa tun safe. Bambancin shi ne sabo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Ya'yanmu kuma sun samo tasu hanyar. Gidajen motsa jiki sun yawaita a birane, wanda ba shi da kuɗin shiga ya zuba siminti a gwangwani biyu ya soka rodi a tsakiya. Ni ba na cikin masu tsine wa wannan. Matashin da ke ɗaga ƙarfe da yamma ya fi wanda ke zaune a dandali yana jiran abin da shaiɗan zai kawo. Motsin da suka fi so, kuma wanda ya fi kawo mini su, shi ne tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, wanda suke kira sikwat. Idan an yi shi daidai yana ƙarfafa cinya da mazaunai da baya, wato tsokokin da manomi yake buƙata. Saboda haka ina roƙon iyaye su saurari wannan sashe su kai wa yaransu, matasan da ke nan kuma su buɗe kunne.

A fara da tsuguno hannu sake. Wanda ba zai iya tsugunawa ya miƙe sau goma sha biyar dugadugansa na ƙasa ba, bai isa ɗora komai a kafaɗa ba. Mu a nan muna da gata, domin yaron da ya tashi a ƙauye yana tsuguno tun yana ƙarami. Zaman kujera ne ke ƙwace masa shi. A ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje, tafin ƙafa gaba ɗaya ya kama ƙasa. Ban da silifas, ban da takalmi mai katifa. Ko shimfiɗaɗɗen takalmi ko ƙafa tsirara a kan daɓe mai kyau. Sandar ƙarfe ta zauna a kan tsokar saman baya, ba a kan ƙashin wuya ba. Sandar da ake amfani da ita a gasa ita kaɗai kilo 20 ce, kuma ta ishi mai koyo makonni.

Kafin a sauka, a ja numfashi zuwa ciki, a ɗaure cikin kamar wanda yake jiran naushi a dambe. Wannan ɗaurin shi ne ɗamarar gaskiya, ya fi bel ɗin fata da suke saya. Sai mazaunai su ja baya su sauka, gwiwoyi su bi inda yatsun ƙafa suka nufa, kada su faɗo ciki su haɗu. Ƙarfen ya sauka a miƙe, daidai saitin tsakiyar tafin ƙafa. Da ya karkata gaba, an koma dogon hannun jigo. Ido ya kalli ƙasa 'yan taku a gaba, ba rufin ɗaki ba. Akwai maganar da ta yaɗu cewa kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. Wannan ba doka ba ce. Wanda ya hana gwiwarsa matsawa gaba dole ya sunkuyar da ƙirji don kada ya faɗi, sai nauyin da ya ɗauke wa gwiwa ya koma wa kwankwaso da baya.

Zurfin tsuguno shi ne inda aka fi samun matsala. Kowa yana da iyakar da ƙugunsa zai kai. Idan ya wuce ta, sai ka ga ƙasan bayan ya lanƙwashe, mazaunai sun shige ƙarƙashi kamar kare ya naɗe wutsiya, ga kuma ƙarfe a sama yana dannawa. A tsaya kafin nan. Aboki ya tsaya a gefe ya duba, ko a ɗauki hoton bidiyo da waya a kalla. Gani ya kori ji. Wajen miƙewa, ƙirji da ƙugu su tashi tare. Idan mazaunai suka riga tashi ƙirji na ƙasa, nauyin ya yi yawa, a rage, babu kunya a ciki. Ƙari kuwa a yi shi kaɗan-kaɗan, kilo biyu ko biyar bayan an mallaki na baya. Yawancin yaran da nake gani ba rashin sani ne ya kawo su ba, gasa ce: wane ya ɗaga ɗari, ni ma sai na ɗaga. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma kada ya riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi sai ya ga likita tukuna.

Ladabin nan shi ne na buhu. Matso kusa har buhun ya shiga tsakanin ƙafafunka, ɗaure ciki, kama da kyau, tashi da cinya ba tare da fizga ba. In za ka juya, juya da ƙafa, kada ka murɗa ƙugu. Abu ɗaya da ba kowa ya sani ba: faifan baya yana shan ruwa cikin dare ya kumbura, har mutum yakan fi tsawo da safe da kimanin santimita ɗaya ko biyu, kuma a wannan lokaci sunkuyo da nauyi ya fi takura shi. Wanda zai yi lodi bayan asuba ya ɗan taka, ya motsa jiki, kafin ya kama buhun farko.

IDAN CIWON YA ZO

Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon baya ba a iya nuna takamaiman abin da ya lalace, kuma yawancinsa yana lafawa cikin 'yan makonni. Kwanciya ta kwana da kwanaki tana ƙara shi ne. A rage aiki mai nauyi, a ɗumama wurin, a ci gaba da tafiya gwargwadon iko. A 2024 an wallafa wani bincike daga Ostireliya a kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya: waɗanda aka ɗora a kan tafiyar ƙafa a kai a kai tare da wayar da kai sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Tafiya ba ta buƙatar ko sisi.

Ku 'yan birni kuna da son hoto. Da uba ya ce baya, sai a ɗauko shi a kai shi a yi masa hoton MRI mai tsada, a fito da takarda cike da kalmomi masu ban tsoro. Ku sani cewa wani nazari na 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya samu alamun tsufan faifai a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Furfura ce ta ciki. Na ga dattijon da yake zuwa gonarsa da ciwonsa, aka karanta masa takarda, daga ranar bai sake taɓa fartanya ba, kuma bai ƙara lafiya ba.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. Idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta soma ja, wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Ga Asibitin Ƙashi na Dala da yake aiki tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Haka ciwon da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya har ya yi ƙusumbi, kuma yana da magani. Haka wanda ya faɗo daga mota ko bishiya, da dattijon da ciwon ke hana shi barci ga wahalar fitsari. Mu masu shiga kanal kuma, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je a duba tsargiya, kada a ce zafin rana ne.

Sai batun magani, wanda shi ya fi damuna. Mai lasifika a kasuwa zai ce muku duk ciwon baya basir ne. Ba haka ba ne. Ƙaho da tausa suna iya sa mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, ba na faɗa da wanzamai, in dai aska sabuwa ce. Amma baya ba karaya ba ce da za a kai wa maɗori ya taka. Mafi muni shi ne ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a sayar wa 'yan aiki. Irin su diclofenac da ibuprofen suna da amfani na 'yan kwanaki, amma shan su kullum, cikin zafin bazara, ba tare da isasshen ruwa ba, yana cin ciki yana kashe ƙoda. Tiramol kuwa ba ya ƙara ƙarfi. Yana toshe kunnen mutum ne kada ya ji gargaɗin jikinsa, ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, daga nan ya kasa rabuwa da shi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 a kan daɗaɗɗen ciwon baya ta yi hani ga dogaro da irin waɗannan ƙwayoyi masu sa maye, da ɗaura bel, ta ƙarfafa motsa jiki da ilmantarwa.

Ya shugaban taro, da yawanmu da ke zaune a birni mu ne masu gonakin nan, mu ke aiko da kuɗin taki, mu ke biyan ladan lodi. Idan muna biyan ɗan dako a kan kowane buhu, muka kuma bari a cika buhun ya wuce kima don mu rage yawansu, to mu ne muka sa shi zuwa wurin mai ƙwaya. Ina roƙon ƙungiya ta zauna da shugabannin 'yan dako da masu injin casa da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a duba ko za a amince buhun da ya haura kilo 50 ya zama na mutum biyu, ba tare da an zaftare ladan kowa ba. A cikin kuɗin ayyukan bana a ware wani abu don gina dakalin lodi daidai tsayin bayan mota, ko da a wuri ɗaya ne a gwada, a kuma sayi baro da kurar turawa (ba garinmu nake nufi ba) a ajiye a hannun matasa. Matan da ke turara shinkafa a yi musu murhu da wurin ajiye tukunya mai ɗan tudu, don kada su riƙa ciccibo ta daga ƙasa. Ni kuma, da abokan aikina biyu 'yan asalin nan, mun yi alkawarin zuwa ranar Asabar ɗaya kafin yankan shinkafa mu gwada wa duk mai so yadda ake kama buhu da yadda ake tsuguno da ƙarfe, in ƙungiya ta samar da wuri da mai shela.